Sarkin Noma Na Ƙarfe

Shafi na 23

Daga alƙalamin Rumaisa Bagwai

Da sunan Allah nake buɗewa. Masu cika min waya da "Anti ina ci gaba", kun hana ni ko wanke-wanke, to ga shi nan. Amma ku sani raina a ɓace na rubuta shafin nan. Ke kuma mai cewa Levi yaron kirki ne, matso kusa, da ke nake.

*

Jemima ba ta jira mai babur ya gama tsayawa ba ta diro.

Tun a hanya daga Bagwai ranta ya ɓaci. Hagu da dama gonakin Tudun Gamba sun yi kore shar, geron mutane ya kai idon sawu, masu himma har sun fara noman farko. Gandu ɗaya ne tak a kwance jawur, ko ƙwaya ba a jefa masa ba, yara sun kafa duwatsu suna buga ƙwallo a ciki. Gandun ubanta ne, marigayi Baƙo, wanda ya riƙe sarautar Sarkin Noma har ya koma ga Ubangiji bara.

Ko kallon ƙofar gidansu ba ta yi ba. Kai tsaye ta nufi sabon ginin nan mai sola a ka, kusa da firamare, wanda aka rubuta wa Gidan Tarihin Noma.

Wanda bai biyo mu tun farko ba, ga yadda abin yake. Kafin Baƙo ya rasu wasu 'yan boko daga Kano suka yi ta sintiri gidansa suna naɗar muryarsa da hotonsa, wai don 'yan baya. Bayan an binne shi sai suka zuba duk wannan a cikin wani mutum-mutumi mai taya, suka yi masa fuskar gilashi da ke nuna fuskar Baƙo har da zanen kumatunsa. Aikinsa ya zagaya da masu ziyara yana musu bayanin garma da lauje da muryar mamaci. To a gidan Baƙo doka ce tun kakanni, ba a buɗe rumbun iri, ba a sa sungumi a gandu, sai maigida ya ce a yi. Matarsa Inna Tani kuwa ta kafe a kan maigida yana nan tunda yana magana. Kowace safiya sai ta je ta durƙusa gaban ƙarfen nan ta tambaya, kullum amsa ɗaya yake ba ta, kada a taɓa rumbu tukuna. Fasto ya yi magana, dattawa sun yi, ita kuwa ta shimfiɗa tabarma a gindin rumbu da taɓarya a gefenta ta ce mai ƙarar kwana ya matso.

Jemima ta banka ƙofa. 'Yan makaranta ne cike da zauren, an kawo su daga Rimin Gado, suna ta ƙyalƙyala dariya. Mutum-mutumin ya juyo, ya gangaro gabanta, fuskar ubanta ta yi mata murmushi.

"Barka da zuwa! Ni ne Sarkin Noma. Daga wane gari kika zo mana?"

Muryar ce sak, har da ɗan tarin da yake yi kafin ya fara magana.

"Daga wane gari?" ta faɗa. "Ni kake tambaya daga wane gari?"

Malamin yaran ya ga fuskarta, bai jira an ce masa komai ba ya tattara ɗalibansa ya yi waje da su.

Tajuddeen ya fito da sauri daga ɗakin ciki. Shi ne saurayin da masu aikin suka turo daga Kano yana kula da na'urar, gilashi a ido, kwamfutar hannu a hammata.

"A'a, Malama Jemima, yaushe a gari? Ya makaranta, ya mutanen Bagwai?"

"Ajiye gaisuwarka. Kashe abin nan."

"Malama, a yi haƙuri mana, muna da baƙi yau..."

"Na ce ka kashe shi! Ka bi ta gandunmu kuwa? Ka ga yadda yake?"

"Na gani."

"Ka gani! Gidan da ake zuwa daga wasu garuruwa kallon amfaninsa, yau shi ne filin ƙwallo. Mutum nawa ne ke ci daga gandun nan, ka sani? Matan ƙannen Baba, marayun ƙanina Sabiru, duk sun zuba ido. In ruwan makon nan ya wuce ba a yi shuka ba, ƙarfenka ne zai ba su tuwo?"

"Wallahi ina jin abin a raina."

"A ranka! Tsohuwa tana kwana a waje sauro na cin ta saboda abin da kuka ƙera, kai kuma kana jin abin a ranka."

Tajuddeen ya gyara gilashi, ya rage murya kamar mai shirin yi mata alheri.

"Kashewa ba za ta yi amfani ba, Malama. In Inna ta zo ta tarar ya yi shiru, sai ta ce fushi ya yi. Amma akwai hanya mai sauƙi. Setin ne kawai. Yanzun nan sai in sa gobe in ta tambaya ya ce mata a buɗe rumbu, shi ke nan an wuce wurin."

Jemima ta kafe shi da ido. Tajuddeen ya fara sosa ƙeya.

"Maimaita."

"Na ce setin ne..."

"Au. Ashe ana sa masa magana a baki."

"Ba haka nake nufi ba."

"Ku da kuka rantse mana a gaban dagaci ba zai faɗi komai ba sai abin da Baba ya faɗa da bakinsa? In kana iya sa shi ya ce a buɗe, to wa ya sa shi ya ce kada a buɗe?"

Nan fa ido ya raina fata. Tajuddeen ya kalli ƙasa, ya kalli silin, daga ƙarshe idonsa ya ci amanarsa ya tafi kan ƙofar ɗakin ciki.

Jemima ta bi idon nasa da kallo.

"Wa ke ciki?"

"Ba kowa."

"Levi! In ka bari na shigo na same ka, na rantse da kabarin Baba sai dai a fito da kai a kwance!"

Labule ya motsa. Ƙaninta Levi ya fito yana jan ƙafa, sanye da rigar ma'aikatan gidan, wadda aka buga wa hoton ubansa a ƙirji. Shi ne namijin da ya rage wa Baƙo, shi ya kamata a ce ya ja gandu bana. Ni dai Rumaisa na ce ƙato har ƙato, gemu har gemu, amma ya yi tsuru-tsuru kamar akuyar da aka kama a cikin lambu.

"Yaya, sannu da zuwa."

"Kai ne?"

"Yaya ki tsaya ki ji..."

"Kai ne ka sa aka sa wa ubanka ƙarya a baki?"

Ya sunkuyar da kai.

Ji kake tas! Ta wanke shi da mari, har hularsa ta faɗi. Mutum-mutumin ya ji ƙara ya juyo da murmushinsa.

"Yara, a riƙa wasa a hankali, kayan nan na kakanninmu ne."

"Kai kuma rufe min baki!" Jemima ta daka masa tsawa, sai kuma hawaye ya zubo mata, don a duniya ba ta taɓa ɗaga wa wannan muryar murya ba. Ta share da bayan hannu ta juya kan Levi. "Me ya sa? Me Inna ta yi maka? Me yaran gidan suka yi maka da za ka kwanar da gandu?"

"Ba komai a rumbun."

"Me ka ce?"

"Rumbun iri. Ba komai a ciki, Yaya. Ko zangarniya ɗaya."

Ta dafa bango.

Ku da ba 'yan ƙauye ba, ku gane. Ba geron kasuwa ake magana ba. Irin gidan Baƙo ne, mai doguwar zangarniya da gashi, wanda tsuntsu ba ya iya sauka a kansa. Kowace kaka Baƙo da kansa yake bin gona yana zaɓen zangarniyoyin da suka fi cika, ya ɗaure, ya hau ya ajiye. Haka ubansa ya yi, haka kakansa. Ko surukinsa ya roƙa bai ba shi ba.

"Ka sayar?"

"Allah ya kiyaye! Ni zan sayar da irin Baba?"

"To ɓera ne ya kwashe dami huɗu?"

Ya ɗaga labulen ɗakin ciki ya matsa gefe.

Ta shiga, mutum-mutumin ya gangaro ya biyo bayanta. Ga su nan a jikin bango, an rataye su a jere, an haska musu fitila ta ƙasa. Dami huɗu na geron gidansu, suna ta sheƙi kamar sabon gadon amarya. Ta kai hannu ta taɓa. Zangarniyar ta sandare, santsi kamar roba, wari irin na shagon kafinta yana tashi daga jikinta.

"Ranar da za a buɗe gidan nan ne," Levi ya fara daga bayanta. "Aka ce manyan baƙi za su zo, ana son ainihin irin Sarkin Noma a nuna musu. Na ce aro ne, in an watse in mayar. Inna tana zaman makoki a ɗaka, ba ta san na hau ba. Na so a ga sunan Baba ne, Yaya. Na so mutanen birni su san wane ne shi."

"Da aka watse fa?"

"Kafin ma a buɗe, masu shirya kayan da aka ɗauko daga Kano suka zo ba na nan. Suka ce akwai ƙwari. Suka sa su a wata na'ura mai zafi suka gasa, sannan suka fesa musu man ƙyalli."

"Suka gasa."

"Na ɓare kaɗan na gwada a bayan coci da ruwan fari. Ko ɗaya bai tsiro ba."

Jemima ta juyo a hankali ta dubi Tajuddeen, wanda ya maƙale a bakin ƙofa.

"Kuka gasa iri."

"Malama, wallahi ban san shi ke nan ba. Ya ce min akwai wani a gida. Duk abin da za a rataye haka ake masa, ƙa'idar aikin ce, in ba haka ba ƙwari su cinye ɗakin gaba ɗaya."

"Na ce masa akwai," in ji Levi. "Kunya na ji a ce Sarkin Noma guda dami huɗu ya bari."

"Kunya! Yanzu da gandunsa ya zama filin ƙwallo ba ka ji kunya ba?"

"Na yi ta nema. Kasuwar Ɗambatta, Bagwai, ba inda ban je ba, ko wani ya taɓa satar irin ya yaɗa. Babu. Da Inna ta fara zuwa tambaya sai na roƙi Tajuddeen ya tsayar min da ita na ɗan lokaci kafin in samu mafita."

"Kuka ya yi min, Malama," Tajuddeen ya sa baki. "Durƙusawa ya yi. Na ɗauka abin kwana biyu ne."

"Kai ma da uwa a gida ko? In an ɗauko muryar ubanka daga kabari ana juya ta da ita kamar waina, za ka ce setin ne?"



"Kai kuma sakarai," ta koma kan Levi, "da ka buɗe baki tun ruwan fari, da an sayo ko wane iri ne an jefa, a ci tuwo bana, a yi kukan na Baba daga baya. Ka kashe iri, bai ishe ka ba, kana neman kashe damina, bai ishe ka ba, ka mayar da uwarka abin dariya a gari. Yara suna bin ta suna cewa ga matar ƙarfe!"

"Tsoro na ji, Yaya. Kin san Inna. In ta ji zuciyarta bugawa za ta yi."

"Ramin ƙarya ƙurarre ne, Levi, yau ka zo ƙarshensa." Ta nuna Tajuddeen da yatsa. "Cire abin da ka sa. Yanzu, ina kallo. Kuma kada ka kuskura ka sa wani a madadinsa."

"In na cire, duk abin da aka tambaye shi gaskiyar abin da ya sani zai faɗa fa, har da bayanin kayan da ke gidan nan."

"Dama ubana ba maƙaryaci ba ne. Cire!"

Tajuddeen ya shiga latse-latse. Fuskar Baƙo ta ɗauke, gilashin ya yi baƙi, sannan ta dawo da murmushinta.

"Na cire."

"Mu je gida, Levi. Da bakinka za ka faɗa mata, a ɗaka, ba a gaban..."

"Gafaranku dai masu gida."

Dukkansu suka daskare.

Muryar Inna Tani ce daga zaure. Ba lokacin zuwanta ba ne, da safe take zuwa, kuma kullum Levi yana tura mata mutum-mutumin har bakin ƙofa don kada ta shigo ciki. Yau hadari ne ya haɗo daga gabas da rana tsaka, ya hana ta zama.

Kafin wani ya motsa labule ya ɗaga. Ga ta nan, 'yar tsohuwa siririya, zani ɗaure a ƙirji, sungumin mijinta a kafaɗa, ƙwaryar zuba iri a hannu, wayam. Ta ga Jemima, ta kawar da kai irin na uwa da 'yar fari.

"Ke kuma yaushe aka zo ba a shiga gida ba?"

"Yanzun nan, Inna. Zo mu je gida, akwai magana."

"Sai na ga maigida. Hadari ya taso, yau kam na san zai ce a buɗe."

"Inna, don Allah..."

"Sakar min hannu."

Ta durƙusa a gaban ƙarfen kamar yadda ta saba, ta ajiye ƙwarya. Sai dai kafin ta buɗe baki hasken fitilar bango ya ja idonta. Ta ɗaga kai. Ta daɗe tana kallo. Ta miƙe da ƙyar, ta taka har gindin bangon, ta sa yatsa a kan igiyar da aka ɗaure damin farko.

"Wannan ai ɗaurinsa ne," ta faɗa a hankali. "Ba mai ƙulli ta hagu a garin nan sai shi."

Levi ya fara ja da baya. Tajuddeen ya ɗaga kwamfutarsa zai latsa, Jemima ta fizge ta daga hannunsa.

Shi kuwa mutum-mutumi aikinsa ke nan, duk wanda ya tsaya gaban wani kaya sai ya matso ya yi masa bayani. Ya gangaro ya tsaya a gefen Inna, ya yi ɗan tarin nan.

"Wannan shi ne irin geron gidanmu, mun gaje shi tun kakanni. Na ƙarshe ke nan da na ɗaure da hannuna. Ɗana Levi ne ya ciro shi daga rumbu ya ba wa gidan tarihi."



Inna ta shafa zangarniyar, ta kai yatsunta hanci ta sansana. Ta ɓalle ƙwaya ɗaya da farce ta sa a haƙori, ta tofar.

"Maigida," muryarta ta fito siririya, "me aka yi musu?"

"An gasa su don kashe ƙwari, an shafe su da mai don su daɗe. Za su yi shekaru masu yawa a haka, jikokinmu su zo su gani."

"In an shuka za su tsiro?"

"A'a, ba za su tsiro ba. Na kallo ne."

Da fara'a ya faɗa, jama'a. Da fara'ar nan tasa ta ranar bikin girbi.

Jemima ta matso za ta riƙe ta, Inna ta ɗaga mata hannu ba tare da ta dube ta ba.

"To rumbun da ka ce in tsare fa? Rumbun da na bar ɗakina na kwana a gindinsa, ruwa ya dake ni, sauro ya ci ni, na zagi Fasto, na kori ƙannenka da taɓarya? Me nake tsarewa?"

"Ban san da wannan maganar ba," in ji muryar Baƙo. "Ko za mu matsa gaba in nuna miki lauje?"

Levi ya zube a ƙasa.

"Inna, ni ne. Ni na sa. Ki yafe min, Inna, tsoro na ji..."

Ba ta yi kuka ba. Da ma ta yi, da ya fi sauƙi. Fuskarta ce ta canza, ta koma irin wadda Jemima ba ta taɓa gani ba tun tana goye. A waje aka yi tsawa, ruwa ya fara bugun kwano, ruwan da kowane gida a Tudun Gamba yake murna da shi ban da ɗaya.

Inna Tani ta sa ƙafa ta ture ƙwaryar irin, ta gangara ta daki bango. Ta sauke sungumi daga kafaɗa ta riƙe shi da hannu biyu, riƙon macen da ta yi shekara hamsin tana saran shuka. Levi yana durƙushe a damanta, ƙarfen yana murmushi a hagunta da fuskar mijinta.

"Ɗaya na haifa, ɗaya na aura," ta faɗa, idonta jawur. "A cikinku wa ya yi min ƙarya?"

"Inna!" Jemima ta ƙwalla ƙara ta yi kanta.

Amma sungumin ya riga ya tashi sama.